Gonar Azumi a Titin Hana-Sallama

Duk wanda ya ce maka ya san Tawa, ka tambaye shi ko ya taɓa yin sallama a titinmu aka amsa masa. In ya ce e, to kare ne ya amsa. Magajin gari ya kafa allo a bakin titin da wani dogon suna na Faransanci, har yau ban ga wanda ya furta shi ya kai ƙarshe bai tsaya ya huta ba. Ɗan kabu-kabu kuwa, ce masa Hana-Sallama kawai, ka ji ya murɗa hannu ya kwashe ka.

Ni Haula dillaliya, babu ƙofar da ba na shiga a titin nan. Hajiyoyi su sa leshi sau ɗaya, su tabbata maƙwabciya ta gani, sai su kira ni in fitar da shi ta bayan gida. Suna cewa bakina ya fi ƙunshina nauyi, amma ranar da ban leƙa ba har a salula ake nemana: “Gwaggo, lahiya? Mi anka yi gidan Alhaji Manzo jiya?”

Wurin nan da tafin ƙafata na san shi. A da burtali ne, shanu da raƙuma ke bi su hau arewa wajen Takanamat, hagu da dama gonaki, ran Lahadi jakunan masu cin kasuwa su cika shi da kuka. Sai wata shekara masu awo suka zo suka kakkafa duwatsun siminti cikin karan dawa. Kafin mu rufe baki, ƴan Abijan da ƴan Libiya sun dawo da abin da suka samo, gidaje suka tashi kamar an yi musu ban ruwa. Manyan ma'aikata da aka turo daga Yamai da Damagaram suka kama haya. Aka shimfiɗa godoro, baƙar kwalta hannu biyu, aka jera fitilu masu cin rana.

Daga nan aka shiga yaƙin ƙofofi. Alhaji Manzo ya sa ƙofa mai zakuna biyu ruwan zinari. Maƙwabcinsa ya rama da wadda ke buɗe kanta in an latsa wani abu kamar ƙwaryar ashana. Ran Sallah ƙarama ta ƙi buɗewa, mutumin da babbar riga da rawani ta tsani ya haura katanga ya tafi idi, ni na riƙe masa takalma. Kowa ya ga katangar wani ta fi tasa sai ya ƙara bulo, har sallama ta daina tsallakawa. In kana son shiga sai ka danna ƙararrawa, ka tsaya rana ta gasa ka, wani ido ya leƙo ta ƴar huda ya ce ba su nan.

A tsakiyar titin, tsakanin hannun tafiya da na dawowa, an bar wani dogon tsiri na ƙasa, aka kewaye shi da gajeren ƙarfe, wai za a dasa furanni. Furanni har yau suna kan hanya. Ku riƙe tsirin nan a ranku. Ku kuma riƙe cewa duk faɗin Tawa nan ne kaɗai akuya ba ta isa ta taka ba, don kowace ƙofa da mai gadinta da sandarsa.

Gidan da ya fi kowanne tsawon katanga na Alhaji Sadisu ne, mai fataucin albasa zuwa Abijan, an kuwa gina shi ne daidai kan gonar marigayi ubansa. Uwarsa Azumi ƙawata ce tun muna ɗauko itace a kai. Ita ba ta zo titi ba, titi ne ya zo ya tarar da ita.

Sadisu ya rantse uwarsa ta gama wahala a duniya. “Inna, hutu ɗai za ki yi,” in ji shi. Aka ɗauke turminta aka dasa fure a ciki. Akuyarta aka yanka aka ce ai sadaka ce. Murhunta na duwatsu uku, matarsa Hajiya Mardiya ta ce hayaƙi yana ɓata fenti. Aka ba ta ɗaki can ƙuryar gida da tele da kilim mai hura sanyi ba dare ba rana. In na shiga sai in tarar da ita ƙudundune cikin bargo, Indiyawa na ta kuka a tele, ita tana kallon bango.

“Haula,” ta ce mini, “an aje ni awa nama cikin firigo. Kada in ruɓe, kada in motsa.”

Abu biyu ta ɓoye musu. Kalmenta na noma yana ƙarƙashin gado, naɗe cikin tsohuwar tabarma. Kuma duk kaka ƙanenta daga ƙauyen Bambai yakan kawo mata zangarniyar gero don fura, ita kuwa sai ta zaɓi masu ƙiba ta murje ta ɗura a gora ta tura bayan akwatin zannuwanta.

Washegarin ruwan shuka, da safe ƙasa na ta ƙamshi, ina tafe da ƙunshina sai na hango wata mata duƙe a tsirin nan. Ta sara, ta zuba, ta take da diddige. Ta sara, ta zuba, ta take. Leshi ne a jikinta na Dubai, ta soke shi a ƙugu.

“Ke Azumi! Aljanu ne?”

“Aljanun uwaki. Gonar mijina ta. Nan ga inda kike tsaye, nan gawo yake. Sun shahe ta da baƙi hagu da dama, sunka manta tsakiya. Matsa, kin taka mini rami.”

“Wa ya bar ki kinka hito?”

Ta nuna ƙofa da haɓa. Idrisa mai gadinsu, mutumin Tebaram, yana zaune kan benci ya ɗaga kai sama yana duban gajimare kamar an aike shi ƙirga su. Daga baya ya ce mini ya ga ƙotar kalmen ta leƙo ta ƙarƙashin mayafi, amma a garinsu ba a tare mai fita shuka, ko da ɓarawo ne.

Na aje ƙunshi na karɓi gorar. Ta sara, na zuba. Motoci na wucewa, gilasai a rufe, ba wanda ya ga tsofaffi biyu. A Hana-Sallama in ba mota ce kai ba, ba a ganinka.

Ruwa ya sake sauka, tsiri ya yi kore shar tun daga allon magajin gari har kwanar masallaci. To a nan na sha dariyar da ta kusa kai ni kabari. Alhaji Manzo, wanda ya kori tsuntsu a gonar kakansa har gemu ya fito masa, ya tsaya da hannu a baya ya ce, “Lalle magajin gari ya yi ƙoƙari. Gazon na, ciyawar ado irin ta Turai.” Madam Asma'u, babbar ma'aikaciyar da ke haya a kwana, ta jera ƴaƴanta a gaba ta ɗauki hoto. Sadisu da kansa ya sauke gilashi ya ce irin ciyawar nan ya gani a bakin teku a Abijan. Wallahi babu ɗaya cikinsu da bai gane gero ba tun yana ganye biyu. Amma wanda ya fara faɗa ya tona wa kansa asiri cewa ɗan ƙauye ne. Saboda haka titi guda na manya ya yi shiru, ana ta yabon gazon, gazon kuwa na ta tsawo har ya kai gwiwa.

Masu gadi su ba su da wannan ciwo. Dukansu manoma ne da rashi ya koro birni, damina ta kama su zaune kan benci hannuwansu na ƙaiƙayi. Kowa ya kama abin da ke gaban ƙofarsa. Da maigida ya fita, sai ka ga an jingine sanda an tsallaka ƙarfe ana cirar ciyawa. Rissa, Buzun da ke gadin gidan Manzo, wanda ya ce shi kakanninsa ba su taɓa duƙawa ƙasa ba, shi ne ya riƙa kwaso kashin ragunan layya a buhu yana watsawa, yana cewa shara yake zubarwa. Azumi na bi tana duba aiki kamar sarkin noma.

“Kai Rissa, wannan tsugen naka ya yi yawa, gero ya cushe a rami guda. Rage.”

“Inna, ni shayi na sani.”

“To rage shi awa ganyen shayin da kake ba baƙo.”

Ta yi ƙiba a kwanakin nan. Ta yi baƙi, ta yi kyau, tana cin tuwo tana neman ƙari. Mardiya ta ce mini, “Gwaggo, kin ga amfanin hutu? Inna har ta murmure.” Na ce ƙwarai, Hajiya, hutu ai magani ne.

Sai gazon ya yi ciki, ya fidda kai.

Ran nan wani ɗan kabu-kabu mara aikin yi ya ɗauki Azumi a salula tana duƙe tana noma, leshi a ƙugu, ga ƙofar Sadisu tana ƙyalli a bayanta. Kafin la'asar abin ya kai Abijan. Wani ya rubuta a ƙasa: ga uwar mai albasa tana neman abin tuwo a kan godoro. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Sadisu bai nemi ɗan kabu-kabu ba, uwarsa ya nema. Ina falon Mardiya na baje atamfofi, kunnena kuwa ya riga ni isa tsakar gida.

“Inna, mi na rage ki da shi? Abinci? Tuhwa? Na kai ki Makka. Yanzu duk Abijan ana cewa na bar ki da yunwa!”

“Wa ya ce ina jin yunwa? Noma nike, Sadi. Da shi anka yaye ka.”

“Kin zubar mini da mutunci a titi.”

“To je ka kwashe, yana nan gindin gero.”

Ni na ƙunshe dariya a atamfa. Da na san abin da zai biyo baya da ban yi ba. A ranar aka ƙwace kalmen. Aka ce wa Idrisa in ta sake taka bakin ƙofa ya tattara tabarmarsa ya koma Tebaram. Da ta gwada fita ta ƙofar baya, Sadisu ya sa aka ɗaura wa ɗakinta kwaɗo, makulli a jakar Mardiya.

Ba wanda ya ce an kulle ta. A gidan masu hali ba a kulle mutum, lallaɓa shi ake yi. Na tambayi Mardiya, ta rage murya ta ce, “Tansiyo ne, Gwaggo, hawan jini. Rana ba ta yi mata kyau.” Na tambayi Sadisu a bakin mota, ya ce, “Gwaggo Haula, tsuhwa ta zo. Ta hwara ruɗewa. In mota ta buge ta, ku ne za ku ce ban kula ba.” Wa liman aka ce tana azumin nafila ba ta son surutu. Wa ƙanenta da ya zo daga Bambai aka ce barci take, aka cika masa buhu da shinkafa aka sa shi a mota. Kowa aka ba shi dalilin da ya yi daidai da kunnensa.

Da farko ana buɗe mini in shiga in gaishe ta. Sai in tarar da tire na kaji da taliya a gefe, ƙudaje ma sanyi ya hana su zuwa. Tana ganina sai ta tashi zaune.

“Ya yi bununi?”

“Ya yi, har kan gilashin motar Manzo yake zuba, yana ta atishawa.”

“Na wajen masallaci hwa? Can ƙasar ba ta da ƙarhi.”

Da Mardiya ta lura in na fita Inna takan yi ta buga ƙofa, sai aka ce ziyarata tana tayar mata da hankali. Aka tsayar da ni a falo. Amma ni dillaliya ce, na san bayan kowane gida fiye da gabansa. Akwai wani lungu inda akwatin kilim ke ɗiga, sama da shi ƴar taga mai ƙarfe. Nakan taka bulo da hantsi in kira ta.

Ta wannan taga na ga ƙawata tana ƙarewa. Ƙafafunta suka kumbura saboda zama. Baƙin nan mai kyau ya koɗe ya koma kamar tokar murhu. Aka kawo mata ƙwayoyin sa barci don ta daina buga ƙofa, in na kira sai ta daɗe kafin ta gane muryata. Da can takan miƙe ta kama ƙarfen tagar, daga baya sai daga kan gado take amsawa. Nakan kwashe mata labarin titi kaf: yadda tsuntsaye suka gano gonar, yadda Rissa ya rataya gwangwanayen madara a igiya yana kaɗawa, yadda Madam Asma'u ta goge hoton gazon daga salularta. Takan yi ƴar dariya. Ran da na gama zuba ba ta tambayi gero ba, ta ce kawai, “Haula, yau wace rana?” ran nan na sauko daga bulo na tafi gida ban shiga ƙofar kowa ba.

Shi kuwa Sadisu geron ya tsaya masa a wuya. Kullum ya fito ga shi tsaye ya fi motarsa tsawo, yana kaɗa kai kamar yana gaishe shi. Ya ba Idrisa adda ya ce ya sare. Idrisa ya ce, “Alhaji, kore ni ɗai. Hannuna bai sare hatsi da ɗiya a kai.” Ya ɗauko ƴan ga-ruwa daga tasha, suka zo suka duba, suka ce Allah ya sawwaƙe, suka tafi. Ya kai ƙara wurin masu tsabtar gari. Babbansu ya zo da mota, ya kama zangarniya ɗaya ya auna a tafin hannu, ya haɗiye yawu, ya ce aikin nan sai an yi shawara, a bari bayan kaka.

Da ya rasa yadda zai wanke sunansa a Abijan, sai ya shirya abin da ba a taɓa yi ba a Hana-Sallama: saukar Alƙur'ani don neman wa mahaifiyarsa lafiya da tsawon rai. Aka kafa rumfuna a kan godoro, aka toshe hannu ɗaya na titi, aka kayar da sa. Aka ɗauko mai ɗaukar hoto da na'ura a kafaɗa don ƴan Abijan su gani da idonsu. Malamai, alhazai, ma'aikata, kowa ya hallara tun hantsi. Wadda ake yi dominta tana can bayan kwaɗo.

Ran wanka ba a ɓoyon cibi. Na bi ƙofa ƙofa na raɗa wa masu gadi magana ɗaya. Ana shafa fatiha, kafin a fito da tirarrukan shinkafa, sai ga hayaƙi a bakin tsiri. Rissa ya hura wutar kara, irin wadda ake gasa tumu, sabon geron da ake babbakewa a murje a tafi a ci da zafinsa. Masu gadi suka kewaye wutar suka tsuguna. Ni da wasu tsofaffi muka shimfiɗa faifai. Ga wuta, ga faifai, ga gero ya nuna yana sunkuyo da kai a kan rawunan alhazai. Ba wanda ya taɓa ko zangarniya ɗaya.

Ku zo ku ga manya! Hanci ya tuna abin da baki ya yi shekaru yana musu. Wuyan kowa ya karkata. Alhaji Manzo ya kasa daurewa, ya taso da carbi a hannu.

“Kai Rissa, in za ku gasa ku gasa mana. Mi kuke jira?”

“Alhaji, gazon ake gasawa?”

Rumfa ta ɗauki dariya. Manzo ya ce, “Gazon ɗin ubanka! Gero na, ɗan Bambai, tun yana ganye biyu na gane shi. Karya mini ɗaya.”

Na ce, “Haba Alhaji, kai da ka tashi a gona? Ana karya tumu mai gona bai sa hannu ba?”

Malam Alƙasum liman, tsoho mai ran ƙarfe, ya juyo. “Gaskiyarta. Haram ne a ci sai da izini. Gonar wa ce?”

Masu gadi suka amsa baki ɗaya kamar ƴan makaranta, “Ta Inna Azumi!”

“Wadda munka yi wa sauka yanzu? To madalla. Alhaji Sadisu, a hito da ita ta sa albarka, mu ma mu gan ta mu yi mata addu'a ido da ido.”

Sadisu ya yi murmushin da bai kai kunci ba. “Allah gafarta malam, tana hutawa.”

“Ta huta a nan, ga inuwa.”

“Likita ya hana ta rana.”

“Wane likita?” in ji wani mai farar riga daga cikin ma'aikata. “Tsoho ai rana da tafiya yake so.”

“Tana ɗan ruɗewa ne…”

Na ce, “Wadda ta shuka wannan layi, miƙe awa zaren saƙa, ita ce ruɗaɗɗa? To Allah ya ruɗa mu baki ɗaya.”

Mai ɗaukar hoto, ɗan albarka, ya juya na'urarsa ya saita fuskar Sadisu. Abijan na kallo. Sadisu ya dubi na'ura, ya dubi liman, ya aika a karɓo makulli a jakar Mardiya. Kowa ya ji kalmar makulli.

A kan kujerar roba aka ɗauko ta, Idrisa da Rissa na riƙe da hannuwan kujerar. Dariya ta ɗauke ɗif. Matar da titi ya sani tana tsallake ƙarfe da leshi a ƙugu, ga ta kamar tsumman da aka wanke aka manta a inuwa, ƙafafu kamar turame, ido na ƙyafƙyafta don ya manta haske. Malam Alƙasum ya dubi sa da aka yanka, ya dubi rumfuna, ya dubi Sadisu, ya ce, “Ashe maganin na aljihunku, kunka tara mu muna roƙon Allah.”

Aka aje ta gindin gero. Ta daɗe tana kallonsa daga ƙasa har sama. Ta miƙa hannu, bai kai ba, na tanƙwaro mata kara. Ta yi bisimilla ta karya. Rissa ya babbaka, ta murje a tafinta, ta hure, ta watsa a baki. Ta tauna, ta tauna, sai ga Azumina ta dawo cikin idanun nan.

“Rissa,” ta ce, “na ce maka ka rage tsugen nan. Dubi kan, ƙanana.”

Wayyo, sai titi ya ɓarke! Alhazai suka tattare manyan riguna suka tsallaka ƙarfe. Manzo ya ƙone yatsa yana tsalle yana hura shi. Madam Asma'u da baƙin toka har kumatu tana cewa a garinsu da gyaɗa ake haɗawa. Hajiyoyi suka ɓalle ƙofofi suka fito da faifai, wata ta rangaɗa guɗa, mai ƙofar da ke buɗe kanta ya rera waƙar noma tun daga farko har ƙarshe bai yi tuntuɓe ba. Shinkafa da naman sa suka huce a tire, ba mai kallonsu.

Azumi ta murje wani ta miƙa wa ɗanta. “Ungo, Sadi. Ci. Ba a gani a Abijan.”

Ya durƙusa ya karɓa. Na ɗauka kunya ce ta durƙusar da shi, har na fara tausaya masa. Sai na ga ya gyara hula, ya matso da kafaɗarsa jikin tata, ya yi wa mai hoto alama da ido. Kafin magariba sabon hoto ya kai Abijan: Alhaji Sadisu, ɗan manoma, mai alfahari da uwarsa.

Kwaɗo dai bai koma ba, don titi duka ya ji kalmar makulli. Kullum da hantsi Idrisa yakan shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofa, kuma ita ce mutum ta farko a tarihin Hana-Sallama da in ka yi sallama za ta amsa, har ta tambaye ka mutanen gida. Amma ƙafafun da aka hutar ba su sake ɗaukarta ba. Girbin gonarta daga zaune ta kalle shi.

Bana kuwa ku zo ku ga ikon Allah. Noman tsiri ya zama abin yayi. Yaƙin ƙofofi ya koma yaƙin gero, kowane Alhaji ya sa an shuka masa gaban gidansa, har da mai sayo taki daga Najeriya don nasa ya fi na Manzo tsawo. Kalmen Azumi, Sadisu ya sa an shafa masa man ƙyalli an rataye a falo sama da tele, yana nuna wa baƙi yana cewa da wannan aka yi tarbiyyarsa. Da ta roƙa a ba ta ko ta riƙe a cinya, aka ce zai ɓata mata zane.

Ni kuwa har yanzu ina bin lungunan bayan gidajen nan da ƙunshina, inda akwatunan kilim ke ɗiga. Azumi ta yi sa'a, tata gonar a tsakiyar titi ta fito, ta yi tsawon da ba a iya ɓoye ta. Akwai ƴan tagogi masu ƙarfe da nake wucewa, in na yi sallama a hankali sai in ji tsohuwar murya ta amsa da sauri, kamar mai tsoron kada in wuce. In kun tambaya a ƙofar gaba, za a ce muku tana hutawa.

Ran Juma'ar da ta wuce na kai wa Mardiya wani leshi, ta shiga ɗaki gwadawa, na fito ƙunshina ya ɗan ƙara nauyi. Yanzu ƙusa ce kawai a bangon falo. Kalmen yana kan tabarma a bakin ƙofa, Azumi na kankare masa man ƙyalli da dutse, wai ya sa ƙotar santsi.